Yaron da ba ya kawo ƙara: tarbiyyar gida da cin zali a makarantun Legas

Idan yaro ya shigo gida da aljihun rigar makaranta a yage, leɓe a kumbure, a yawancin gidajenmu na Agege ko Idi-Araba tambaya biyu ce ke jiransa. Ta farko: "Kai me ka yi masa?" Ta biyu: "To ka rama?" In ya ce bai yi komai ba, a ce ƙarya yake, ba a dukan mutum haka siddan. In ya ce bai rama ba, a ce ragon banza, wani lokacin ma a ƙara masa da ranƙwashi. Yaro kuwa ba wawa ba ne. Ran da abin ya sake faruwa, sai ya tsaya a famfon bakin layi ya wanke fuska, ya shigo ya ce wa uwarsa ƙusar benci ce ta kama rigar.

Duk sanda aka tayar da zancen cin zali tsakanin ɗalibai, makaranta ake zuba wa ido. Haka aka yi a ƙarshen 2021, lokacin da mutuwar wani yaro ɗan kimanin shekara 12 na wata makarantar kwana a Lekki ta girgiza ƙasar nan, aka yi ta zargin manyan ɗalibai. Kotun binciken musabbabin mutuwa ta zo a 2024 ta ce ciwo ne da ba a kula da shi kan lokaci ba ya kashe shi, ba duka ba. Amma a tsakanin nan an yi ta maganar shugabannin makarantu da masu kula da ɗakunan kwana, kuma sun cancanci a yi maganarsu. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne gidan da mai cin zalin ya fito, da gidan da wanda aka ci zalinsa yake komawa da yamma.

Ba kowane faɗa ne cin zali ba. Yara biyu sa'o'in juna su kama kokawa a kan ƙwallo, gobe a gan su suna cin burodi tare, wannan ƙuruciya ce. Wanda ya fara zama ya tantance abin shi ne Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin da ya yi aiki a jami'ar Bergen ta Norwe. Tun farkon shekarun 1970 yake nazarinsa, amma sai da wasu yara uku 'yan shekara 10 zuwa 14 suka kashe kansu a arewacin Norwe a 1982, bayan tsangwamar da suka sha a hannun 'yan makarantarsu, sannan gwamnati ta tashi tsaye a 1983. A wurinsa abu uku ne ke haɗuwa: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin kare kansa. Ƙarfin nan ba lallai na damtse ba ne. Yawan abokai ƙarfi ne, kuɗin tara ƙarfi ne, iya baki ƙarfi ne. Hukumar UNESCO ta ce a rahotonta na 2019 kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a makaranta cikin wata gudan da ya gabaci tambayar, kuma a Afirka kudu da Sahara adadin ya kai 48 cikin 100, ya fi na kowane yanki.

Ɗan Bahaushe a Legas yana shiga aji da wata alama da sauran ba su da ita. "Aboki" da "mola" suna jiransa tun ranar farko, a kwaikwayi yadda yake furta Turanci, a tambaye shi ina shanunsa. Duk ranar da aka wayi gari da labarin rikici a kasuwa ko na 'yan bindiga a Arewa, shi ne zai amsa tambaya a lokacin tara. 'Yan mata kuma sai a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar, kuma hukuncin kotu ba ya hana yarinyar da ke bayanki ta fizge shi. Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Je ka Islamiyya da yamma ka ga yadda haifaffun Legas, masu Yarbanci da buroka a baki, ke yi wa yaron da aka kawo daga ƙauye watan jiya. 'Ya'yanmu suna cikin waɗanda ake ci, suna kuma cikin masu ci.

To me ke sa yaro ya zama mai ci? Olweus ya bi diddigin wasu samari 'yan makaranta a Suwidin, ya zauna da iyayensu, ya fitar da sakamakon a 1980. Ya ga abu huɗu suna yawan haɗuwa a bayan yaro mai faɗa: ƙarancin shaƙuwa da jan jiki daga mai rainonsa tun yana ƙarami, ƙyale shi in ya doki ƙanne ko 'ya'yan maƙwabta, horo da duka da hargagi, sai kuma zafin zuciyar da aka haife shi da ita. Na biyu da na uku su ne suka fi ba mutane mamaki, don a tunaninmu gida ko dai mai tsanani ne ko mai sakaci. Alhali gida ɗaya yana iya zama duka biyun. A yi wa yaro jina-jina don ya ɓatar da canjin naira ɗari biyu, amma ya kwaɗa wa ƙanwarsa mari a ce "ke ma bakinki ne ya ja miki."

Wani masani a jihar Oregon ta Amurka, Gerald Patterson, shi da mutanensa cikin gidaje suka riƙa shiga suna rubuta yadda magana ke gudana tsakanin iyaye da yara. Abin da suka gano, duk wanda ya zauna a gidan haya ya san shi. Uwa ta ce, "Ajiye wayar nan ka je ka ɗebo ruwa." Ya yi kamar bai ji ba. Ta ɗaga murya, ya ɗaga tasa, ya yi jifa da bokiti. Ga tuwo a wuta, ga goyo yana kuka, sai ta ce, "Allah ya shirye ka, bari Babanka ya dawo," ta aiki ƙaninsa. Yaron ya koyi cewa wanda ya fi tayar da jijiyar wuya shi ke da nasara. Washegari abin ya ishe ta, ta rarumi muciya, sai ga shi ya ɗauki bokitin da gudu. Ita ma ta koyi cewa in ba duka ba ba ya ji. Kowannensu yana horar da ɗan'uwansa ba tare da ya sani ba, kullum kuma ma'aunin yana hawa. Yaron da ya yi shekara goma a wannan makarantar, idan ya ga ɗan aji ɗaya riƙe da abin da yake so, ba sai an gaya masa yadda ake karɓa ba.

Nan ne ake cewa, "Mu ma da bulala aka tashe mu, ga mu nan ba mu lalace ba. Wannan binciken Turawa ne." Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma an gwada ta. A 2005 Jennifer Lansford da abokan aikinta sun duba iyalai a ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Indiya. Sun samu cewa inda duka ya zama ruwan dare, illarsa ga yaro ta ɗan ragu, don bai ɗauke shi a matsayin ƙiyayya ta musamman gare shi ba. Amma a duk ƙasashen shida, yaran da aka fi duka su ne suka fi faɗa da fargaba. Illar raguwa ta yi, ba ɓacewa ba. A nan gida kuwa, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18.

Ni dai abin da nake ganin masu cewa "mu ma an dake mu" suna mantawa shi ne gidan da aka dake su a ciki. A Kano ko Katsina ko Sakkwato, gaskiya ne uba yana da kwarjini, ba a zama hira da shi, uwa ma tana kunyar ɗan fari har ba ta iya kiran sunansa. Amma gidan ba su kaɗai ba ne. Akwai kaka, wadda ke kiran jikanta "mijina" tana tsokanarsa, tana ɓoye masa ƙosai a ƙarƙashin faifai. Yaro ya yi laifi ya ruga ɗakinta, bulala ta tsaya a bakin ƙofa. Akwai gwaggo da za a kai wa kuka, akwai kawu da zai ce "ƙyale shi haka, Yaya," akwai taubasai. Tsananin uba da kawaicin uwa suna tafiya ne saboda an raba aikin: wasu na tsawatarwa, wasu na rarrashi, kuma duk abin da yaro ya kasa faɗa wa iyayensa yana da kunnen da zai zuba wa, daga can maganar ta zagayo ta iso inda ya kamata.

Da muka taho Legas, tsananin muka ɗauko, masu rarrashin muka baro. Kamar mai tsire ne ya zo da barkono zalla ya manta ƙuli-ƙulin da ke kashe masa kaifi. Ban da tsofaffin gidajen Zangon Agege, waɗanda kakanninsu suka zauna tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, yawancin iyalai daga miji sai mata sai yara, a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, cikin gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna. Maigida ya fita kafin asuba zuwa kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, ko ya kwana a layin tirela a Apapa, ya dawo bayan isha'i goslo ya gama tatse shi. Abin da ke jiransa shi ne jerin laifuffukan yini. Minti goma ɗin da yake da su da ɗansa, a shari'a suke ƙarewa. "Ɗa na kowa ne" kuma ba ta aiki a gidan da kowa da yarensa da addininsa, inda in ka tsawata wa ɗan maƙwabci sai a kwana ana rigima.

Da yake uba ba ya nan, uwa kuma aiki ya sha kanta, sai a naɗa Yaya wakili. Yaro ɗan shekara 15 a miƙa masa bulala da iko a kan ƙanne huɗu, babu mai duba yadda yake yi da su. Muna ɗaukar abin da ke faruwa tsakanin wa da ƙani wasa ne, harshe da haƙori ma ai suna saɓawa. Amma wani dogon bincike da ya bi yara a yankin Bristol na Ingila ya samu cewa waɗanda 'yan'uwansu ke cin zalinsu sau da yawa a mako suna shekara 12, sun ninka sauran kusan sau biyu wajen shiga ciwon damuwa da cutar da kansu a shekara 18. Dalilin a fili yake: na makaranta ana tashi a rabu da shi, na gida kuwa katifa ɗaya kuke kwana. Abin ya fi muni inda akwai 'yan ubanci, ko agola, ko ɗan riƙon da aka kawo daga gida don ya yi karatu ya ƙare a wanke-wanke. Yaran gida suna kallon wanda ake fara zuba wa abinci da wanda ke kankare tukunya, daga nan suke gane wanda za a taɓa a kwana lafiya. Ba banza ba Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi wa ɗa guda kyauta ya bar sauran, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Ta ɓangaren wanda ake ci kuwa, a 2013 masana a jami'ar Warwick ta Ingila sun tattara bincike 70 da suka shafi yara sama da 200,000. Yaran da ke shan duka da wulakanci ko rashin kula a gida sun fi faɗawa hannun masu cin zali, kuma alaƙar ta fi ƙarfi ga wani rukuni da ba a cika lura da shi ba: yaron da ake cin zalinsa, shi ma ya juya ya ci na ƙasa da shi. Waɗannan su suka fi kowa shan wahala, malamai na ganinsu fitinannu, yara na gudunsu. Sai wani abin da bai yi wa iyaye da yawa daɗi ba: kaffa-kaffa fiye da kima ita ma tana da nata. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Tsoron Legas, da 'yan tasha da ƙwaya da ƙungiyoyin asiri, yana sa wasu su kulle yaro daga makaranta sai ɗaki, ba ƙwallo, ba aboki, ko rigima ce da ɗan maƙwabta uwa ce za ta fita ta yi masa. Tsoron yana da dalili. Amma yaron da bai taɓa sasanta ƙaramar rigima da kansa ba, kuma ba shi da aboki ko ɗaya da zai tsaya kusa da shi, shi mai cin zali ke nema.

Kada a ɗauki wannan a ce duk yaron da aka ci zalinsa laifin iyayensa ne. Su kansu masu binciken sun ce alaƙar ba mai girma can ba ce. Akwai yaran da suka fito daga gidajen kirki aka tasa su a gaba saboda in'ina ko ƙanƙantar jiki ko don kawai su ne baƙi. Kuma abin yana tafiya gaba da baya: yaro mai taurin kai yana jawo tsanani, uwar da ta ga ana dukan ɗanta dole ta ƙara kaffa-kaffa. Gida ba shi ke zaɓar wanda za a ci zalinsa ba. Inda hannunsa ya fi ƙarfi shi ne abin da ke biyo baya.

Na farko, ko labarin zai iso gida ma. Wasu masana biyu a Suwidin, Stattin da Kerr, sun tambayi 'yan shekara 14 da iyayensu a wani bincike da ya fito a 2000. An daɗe ana cewa iyayen da suka san inda ɗansu yake da wanda yake tare da shi, 'ya'yansu sun fi nutsuwa, kuma haka ne. Amma da suka duba ta ina iyayen ke samun sanin, sai suka ga mafi yawansa ba daga bin diddigi da titsiye yake zuwa ba, yaron ne da kansa yake faɗa. Wato binciken jaka da ƙwace waya ba su kai yaron da zai zauna ya ce "Umma, kin san abin da ya faru yau?" ba. Shi kuwa yaro lissafi yake yi kafin ya buɗe baki. In na faɗa, za a ce ni na ja? Baba zai je makaranta ya yi faɗa da Hausa a gaban 'yan ajinmu, gobe abin dariyar ya ƙaru? Yarinyar da aka sa hotonta a zauren WhatsApp na aji ana yi mata dariya ta san abu na farko da za a yi shi ne a karɓe wayar, na biyu a tambaye ta wa ya ce ta ɗauki hoto, na uku wataƙila a fara zancen ta bar makarantar haka nan. Sai ta yi shiru. Ga kuma rayuwar yaran tana gudana da Turanci da buroka da Yarbanci, ta iyaye da Hausa, har uwa ta riƙe wayar a hannu ba ta san zagi ne take kallo ba.

Shirun nan yana da alamu. Ciwon ciki ko ciwon kai da ba ya tashi sai ranar Litinin da safe. Yaro ya dawo da yunwa alhali an ba shi kuɗin tara. Ya canza hanyar makaranta zuwa mai nisa. Sakamako ya faɗi, barci ya ƙi, ya riƙa huce haushi a kan ƙanne. Mu kuma sai mu ce lalaci ne, ko balaga ce ke ɗibarsa.

Na biyu, ko zai warke. A nan akwai wani bincike da nake ganin ya fi sauran ƙarfi, domin da tagwaye aka yi shi. A Ingila da Wales an bi iyalai sama da 1,000 masu tagwayen da aka haifa a 1994 da 1995. A cikin yaran da aka ci zalinsu a firamare, waɗanda ke samun jan jiki daga uwa, da shiri da 'yan'uwa, da gida mai kwanciyar hankali, sun fi fita lafiya. Da aka kwatanta tagwaye masu kama ɗaya, jini ɗaya, gida ɗaya, sai aka ga wanda uwa ta fi ja a jiki ya fi ɗan'uwansa ƙarancin matsalar ɗabi'a. Ke nan ba gado ba ne kawai. Kuma abin ba ƙarami ba ne, don wani binciken da ya bi mutanen da aka haifa a Birtaniya a 1958 ya samu tabon cin zalin ƙuruciya a lafiyarsu da zamantakewarsu har suna shekara 50. Wanda ke ganin jan yaro a jiki baƙuwar al'ada ce, ya tuna Aƙra'u ɗan Habis, da ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Maganin da muka fi saurin kamawa idan yaro ya gagara, ko ya ƙi makaranta, shi ne "a mayar da shi gida." Ban ce kullum kuskure ba ne. In hannun kakar da ke sonsa zai koma, wataƙila abin da ya rasa ke nan. Amma sau da yawa ana tura shi ne ba a tambayi abin da ya koro shi daga aji ba, ya je makarantar kwana ko gidan wani ɗan'uwa da Hausarsa mai gauraye da Yarbanci, ya sake zama baƙo, a can ma a laƙaba masa "ɗan Ikko." In kuma shi ne mai cin zalin, ƙannen wasu kawai aka kai masa.

Zuwa makaranta ya fi wuya, shi ya sa ake gudunsa. Iyaye maza da yawa ba sa leƙa taron iyaye, wasu don kasuwa, wasu don kunyar Turanci, alhali jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007 kuma makaranta ba ta da ikon cewa ba ruwanta. Wanda Turanci ya yi masa nauyi ya ɗauki malamin Islamiyya ko wani ɗan unguwa su je tare, a ga malamin aji a keɓe, ba a gaban ɗalibai ba, kuma a gaya wa yaron tun a gida abin da za a je a faɗa.

Sai ranar da aka kira ka don ɗanka ne ya yi. Iyaye kashi biyu suke a ofishin shugaban makaranta. Wani ya ce, "Ɗana ba zai yi haka ba, don mu Hausawa ne ake masa sharri." Wani lokacin akwai son kai a makarantu, amma a fara jin bayanin tukuna. Wani kuma ya zare bel a nan take ya hau yaron don a ga ba ya wasa, wato babba ya sake dukan ƙarami a gaban jama'a, darasin da ya kawo su ofishin ke nan. Hadisin da ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ya bayyana taimakon: ka hana shi zaluncin. Hanawa kuwa aiki ne mai cin lokaci. Ya je ya ba da haƙuri da bakinsa, ya biya rigar da ya yaga daga kuɗin taransa, a karɓe bulalar da aka ba shi a kan ƙanne, uba ya karɓi lambar malamin aji ya riƙa kira duk Juma'a har zangon karatu ya ƙare. A kuma tambaye shi, ba a ranar ba, bayan kwana biyu in zuciya ta sauka, ko shi ma akwai wanda ke taɓa shi a makaranta, ko a layi, ko a cikin ɗakin.